Yashin da Shebur Ya Kwashe

Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana haƙar yashi a kogi, har mutane suka manta da sunansa na yanka suka bar shi da Shebur. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, diddigensa duk faso saboda zaman ruwa. Aibinsa ɗaya ne, cika baki. Idan ka kuskura ka jera da shi a titi ka shiga uku, don sai ya nuna maka makaranta, ya nuna bene, ya ce duk yashinsa ne. An taɓa kama shi yana shafa bangon asibiti yana murmushi, sai da mai gadi ya kore shi.

Da amalanke ya fara, daga baya ya yi tifa. Gidansa yana kan gaɓa, ɗaki uku da madafi, kuma yashin da magina suka fi so yana kwanar kogin da ke ƙasan gidan. Ya ɓoye wurin nan kamar maganin gado. Babban ɗansa kaɗai ya nuna wa, ranar da ciwon baya ya sa ya miƙa masa makullin tifa.

Ba za a ce ba a faɗa masa ba. Masuncin da ke maƙwabtaka da shi ya sha yi masa ƙorafi cewa kifi a ruwa marar zurfi yake zuba ƙwai, shi kuwa ya kwashe masa shimfiɗa. Shebur ya ce to kifin ya nemi ɗakin haya. Wata jami'ar hukumar ruwa ma ta zo da allon gargaɗi, ta yi masa bayani dalla-dalla cewa idan aka rarake cikin kogi, gaɓa ce ke zamewa ta cike ramin. Ya ba ta kujera, ya gyaɗa kai har wuyansa ya gaji, ya raka ta mota da godiya. Allon kuwa ya yi wa akurkin kajinsa ƙofa mai kyau.

Daminar bana ce ta karanta masa abin da ke rubuce a allon. Wata safiya ya fito daga banɗaki da buta a hannu, bai yi taku goma ba ya ji rugugi. Ya waiwaya, babu banɗaki, sai kogi yana wucewa abinsa. Matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki, tana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Da ta shiga ɗakinta ta ga tsaga a bango tun daga taga har ƙasa, dariyar ta tsaya.

A ɗakin nan ta haifi 'ya'yanta shida, ta yi jinyar uwarsa har Allah ya karɓi abinsa. Ya lallaɓa ta ta kwashe kaya zuwa ɗakin gaba, ta ce ko tsinke ba za ta ɗaga ba, wanda ya kira kogin ya je ya sallame shi. Nan fa tsoro ya kama Shebur, tsoro na gaske, don ya san halinta. Ya auna daga bango zuwa bakin gaɓa, taku bakwai. Bayan mako guda ya sake aunawa, biyar.

Washegari da hantsi ya ji ƙugin tifa tana hawowa daga kwanar, cike fam. Ya ɗauki kujerar da ya taɓa bai wa jami'a, ya dasa ta a tsakiyar hanya ya zauna. Ɗansa da ke tuƙi ya yi ta hon, ya gaji ya sauko.

"Baba, lafiya? Magina na jirana."

"Su yi ta jira. Ɗakin uwarka ne ka ɗauko a bayan motar nan."

"Ai kai ka nuna min wurin, Baba. Ka ce yashin kogi ba ya ƙarewa."

Shebur ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa. Can ya ce a hankali, "Na faɗa. Ƙarya na yi maka."

Ɗan ya daɗe yana duban gidan. Sannan ya hau, ya ja da baya a hankali har bakin gaɓa, ya ɗaga bodin. Yashin ya zube cikin ruwa, ruwan ya yi kumfa, ya murɗa, ya kwanta. Ko ɗan tudu bai fito ba.

Matar ta leƙo ta taga ta tambaya ko ramin ya cika.  Duk garin babu wanda ya kai Shebur sanin tifa nawa ramin nan zai ci, don shi ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Ya tuɓe takalmi, ya ce wa ɗan ya miƙo masa shebur.