Farar Igiya

A shekarun da nake kula da injin ban-ruwa a wata babbar gonar alkama kusa da Kiru, aikina bai wuce in tayar da inji, in duba mai, in zauna ba. Zaman ya fi yawa. Shi ya sa aljihuna ba ya rabo da littattafan soyayya da nake sayowa in na shiga Kano, har gefen shafukansu ya yi baƙi da giris. Na karanta su har na yarda cewa kowane saurayi akwai tasa, kuma za ta iske shi ko a bayan ɗakin inji yake.

Famfon injin namu tsoho ne. Inda sandar ƙarfe ke shiga cikinsa tana juyawa akwai gurbin da ake cusa igiya don ta tare ruwa, igiyar fakin muke ce mata. Tamu ta auduga ce. Mu shafe ta da kitse, mu yanka zobe-zobe, mu tura, mu ɗaure noti. Ba ta daɗewa take ruɓewa. Sai ruwa ya yi ta tsiyaya, ya bi kwata, ya fita ta ramin bango, ya taru a wani kwari bayan shingen waya. Da rani, lokacin da rafukan wajen suka ƙafe, kwarin nan ya zama ɗan tafki, har da ciyawa a bakinsa.

Don wannan ruwan wasu Fulani suka kafa ruga a kusa. Maruƙa su sha, mata su ɗiba. A cikin matan akwai wata doguwa mai jan mayafi, wadda in ta sunkuya da ƙwarya sai in ji ƙarar inji ta yi nisa. Da fari ba ta ko kallona. Daga baya ta fara ajiye mini nono a gindin shinge, ni kuma in ajiye mata tumatir da sabulu.

Wata rana ta ce, "Kai Kaɗo, wannan takardar da kake kallo kullum, ba ta ƙarewa ne?"

Na ce, "Labarinki ne a ciki."

"To ƙarya suka rubuta maka. Ni ban gaya wa kowa labarina ba."

Ta yi dariya ta rufe baki da mayafi. Tun daga ranar na yi wa kawuna magana, ya ce in an yanke alkama zai je ya gaida mahaifinta.

Kafin a yanke alkama manajan gona ya zo da makaniki daga Kano, ɗauke da kwali. Makanikin ya warware wata igiya fara fat, saƙaƙƙiya, mai santsi kamar an shafa mata man shanu.

"Wannan ba auduga ba ce, zaren roba ne, daga waje," in ji shi. "Ba ta ruɓewa, ba ta cin ƙarfe. Kai, mai littafi, kawo wuƙa. Yau za ka rabu da warin kitse, ko ƴan mata sa kula ka."

Ni na naɗa ta a jikin sandar na yanka, ni na tura zobban ɗaya bayan ɗaya, bakin kowanne na kauce wa na ɗan'uwansa kamar yadda ya nuna mini. Har yabona ya yi wai hannuna yana da kyau. Da aka tayar da inji, tsiyayar nan ta koma ɗigo, ɗis, ɗis, iya abin da zai hana igiyar zafi. Kafin ya kai ramin bango, siminti ya shanye.

Tafkin bai ƙafe a rana ɗaya ba. Ya yi ta ja da baya ina kallo, bakinsa yana tsagewa, ruwan ya koma kore, ya koma taɓo. Ita kuma ta daina wasa. Ta zo, ta kwarfi abin da ya samu, ta tafi.

Mahaifinta ya zo bakin shinge da sandarsa a kafaɗa. Muka gaisa, na durƙusa.

"Samari, ruwan nan me ya same shi?"

"Baffa, gyara aka yi."

Ya ce, "Ashe da can lalacewa ce muke sha."

Na tari manaja a bakin motarsa, na roƙe shi a fitar musu da ƙaramin famfo ta bango. Na tsara kalamai tun a hanya, masu taushi, har da maganar lada.

Ya ce, "Malam, nan gona ce, ba rijiyar sadaka ba. Man da inji ke sha, ubansu ne ke saye? In shanu suka saba, gobe alkamar za su shiga."

Na koma wajen kawuna na ce a gaggauta. Ya ce ba a zuwa gidan surukai hannu rabbana, in jira girbi kamar kowa.

Wata safiya na fito na hango su sun ɗaura kaya a kan shanu da jakuna, sun nufi kudu. Na bi shingen da gudu har ƙarshensa. Tana can baya da ƙwarya a ka, tana kora maruƙa. Na kira ta. Mahaifiyarta na gabanta, saboda haka ba ta juyo ba, sai dai ta ɗan rage tafiya, sannan ta ƙara sauri.

Bayan girbi na hau bas zuwa Falgore, na bi ruga-ruga ina tambaya. Kowa ya ce sun wuce gaba. A kasuwar Burumburum wata mai tallar nono ta gane su, ta ce ai yarinyar an ɗaura mata aure da ɗan baffanta tun kafin a gama girbi, ta tambaye ni ko zan sayi fura.

Na dawo na tarar manaja ya kawo baƙi yana nuna musu ɗakin inji, ƙasa a bushe ƙayau. Ya dafa kafaɗata ya ce musu ga wanda ya sa igiyar. Suka miƙo hannu ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na yi ta karɓa.