Ciyawar Baba a Saman Bene

Shekara goma ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Habu, wanda mutanen unguwar Kurayyat da ke Jidda ke kira Mai Ƙwallo. Yawancinsu tsokana suka ɗauki sunan. Ba su san ya taɓa wakiltar Nijeriya a ƙasashen waje ba, a wasan nan na mirgina ƙwallo a kan ciyawa, inda gwani shi ne wanda tasa ta tsaya kusa da wata 'yar farar ƙwallo. Ƙwallon wasan ba ta tafiya a miƙe, sai ta yi kwana kafin ta isa.

Umra ta kawo shi Jidda, ya zarce, ya kama sayar da dabino a kasuwar Balad, ya auri Ummana, 'yar Hausawan Sudan. Tana ɗauke da cikina wani tsohon abokin wasansa, Alhaji Sale, ya zo aikin hajji ya nemo shi. Za a tafi babbar gasa, an ajiye masa gurbi. To, Baba ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. In ya fita ba dawowa, Umma kuma ba ta da takardun bin sa. Taura biyu ba ta taunuwa.

"Haba Habu, hannu irin naka ya ƙare a awon dabino?" in ji Alhaji Sale.

"Halas, Alhaji, an wuce wurin. Ka gaishe min da ciyawa."

Amma hali zanen dutse. Na taso na tarar ya hau da ƙasa saman benenmu ya shuka ciyawa, yana ba ta ruwan alwalarsa. Duk shekara zafin Jidda ya ƙone ta, duk shekara ya sake shukawa. Umma takan ce gonar da ko ɗan akuya ba zai ƙoshi ba. Shi dai sai ya yi dariya, ya shimfiɗa tsohuwar darduma ya ci gaba da mirgine-mirginensa.

Yau ga ciyawar roba nan a shaguna, ana yanka wa mutum yadda yake so. Nakan tsaya in yi tunanin abin da zai ce. Na san zai fara kushe ta, ya ce ciyawar da ba ta jin ƙishirwa ba ciyawa ba ce, sannan ya tambayi mai shago ko ana kaiwa gida.

Sau ɗaya na tambaye shi ko yana nadamar gasar nan. Ya durƙusa ya saki ƙwallo, ta yi kwananta ta zo ta tsaya a ƙafata.

"Ya binti, 'yata, wannan wasa ba a zuwa nesa. Kusa ake tsayawa."

Ciyawar ta mutu, lambobin yabonsa sun ɓace a wani tashi da muka yi, ƙwallo ɗaya ce ta rage, da ita muke tare ƙofa. Ina kewarsa ƙwarai. Sunansa bai shiga waccan gasa ba, amma ni ban taɓa sanin rashin uba ba sai ranar da aka kai shi makwanci. Allah ya jiƙan Baba.