Yadda Kawu Ya Rama Gayya

Ƙanen mahaifiyata wada ne. Tsayinsa, in ban yi kuskure ba, bai wuce ƙugun babban mutum ba, bayansa kuma ya tanƙware gefe guda tun yana saurayi. Na yi karatu daga baya, amma har yau ina tsoron sa wa ciwon suna. Abin da na gani kawai zan faɗa. Ina lakwal, wato makarantar boko, a Madarumfa ƙafafunsa suka fara mutuwa, in ya yi ƴar tafiya sai ya tsuguna ya jira su farfaɗo. Likita a Maraɗi ya ce ƙashin bayan ne ke danne jijiya, ya daina noma.

A daminar nan maƙwabta suka yi masa gayya ba tare da ya kira ba. Suka nome gonarsa ta wajen tabki, kuma don tausayi suka ƙi tsayawa cin tuwo. Ina jin wannan ya fi ciwon ƙona masa rai. A wurinmu gayya ramawa ake yi. Wanda aka yi wa ba a jiran ya rama, to ya fita daga cikin manoma, ya koma abin sadaka.

Da kaka ta yi, Kawu ya sa aka ɗora shi kan jaki. Tsinkar gyaɗa a zaune ake yi, galibi aikin mata ne. Ya shiga cikinsu da buzunsa da tsumman da ya naɗe ya tokare baya. Duk wanda ya yi masa noma sai da ya je gonarsa. Nakan ga ya kwanta rigingine kan harawa ya rufe ido, can ya tashi ya ci gaba.

Wani taubashinsa, abokin wasansa, ya tarar da shi ya ce, "Kai guntu, zane kaɗai ya rage maka."

"Aro mini na matarka," in ji Kawu. "Noman da ka yi mini ma ai ciyawa ka yi wa aski."

Da damina ta zagayo, shi da kansa ya kira gayya. Aka zo, aka yi noma, aka zauna cin tuwo. Taubashin nan, hannu cikin akushi, ya ce, "Bana ka zo mini da wuri. Bara ka bar mini gyaɗa jikin harawa."

Kawu ya yi dariya har da riƙe baya, ya ce a ƙaro wa mutumin miya.