Ita Tana Gudu, Ni Ina Gaisuwa

Shekarun baya, lokacin ba a daɗe da yaye autarmu ba, matata ta dube ni muna karin kumallo ta ce gudun fanfalaki za ta shiga, irin mai nisan nan da ake yi a Legas. Na yi dariya har na ƙware da kunu. Mace mai 'ya'ya uku, nas a asibiti, ta fita da safe sai yamma, ta dawo ga girki ga aikin makarantar yara. Na ce, "Maman yara, a ina za ki samo lokacin?" Ta ce, "Kai dai zuba ido." Ashe da gaske take. Tun tana sakandare take gudu, aure da aiki suka sa ta ajiye, amma abin bai taɓa fita daga ranta ba.

Lokacin da ta samo shi ne na asuba, kafin yara su farka. Mahaifiyata tana zaune tare da mu, ita ta ce za ta kula da motsinsu. Matata sai ta ɗaura takalmi ta fita, ta zaga ta Wuro Patuji a nan Mubi, ta dawo ta yi wanka, ta shirya yara, ta wuce aiki. Ni kuwa a lokacin ina kan katifa ina gyara kwanciya.

To, duk wanda ya san Mubi ya san safiya ta gaisuwa ce. Dattawa sun fito masallaci sun zauna a bakin hanya, tsofaffi mata sun saɓa fartanya za su gona. Ba a wuce babba da ɗaga hannu. Sai ka tsaya ka rusuna, a tambayi kwana, a tambayi gajiya, a tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ita kuma kowa ya san ta a asibiti, daga gaisuwa sai wani ya ɗage wando ya ce, "'Yata, duba mini gwiwar nan." Kafin ta gama da su jiki ya yi sanyi, rana ta fito, ba ta yi rabin abin da ta fita yi ba.

Rannan ta ƙudurta ba tsayawa. Aka yi rashin sa'a, cikin waɗanda ta wuce har da kawuna, yayan mahaifiyata. Da yamma sai ga shi da sandarsa, ko ruwa bai sha ba. Ya ce wa mahaifiyata, "Surukarki ta wuce ni fiii, hannu kawai ta ɗaga mini kamar direban keke napep! In wannan gudun shi ne tarbiyya, ƙafata ta bar gidan nan." Matata tana durƙushe tana ji. Da ta shiga ɗaki na ga ta tura takalman can ƙarƙashin gado. Wallahi abin ya taɓa ni.

Mahaifiyata ce ta san me za ta ce. Ta tambayi kawu, "Yaya, gaisuwar kake so ko tsayuwarta?" Ya ce gaisuwar mana. Sai ta nuna ni da baki. "Ga wannan, ba abin da yake yi da asuba sai minshari. Ya hau keke ya bi ta, ya yi gaisuwar a madadinta. Ai gida ɗaya ne." Kawu ya dube ni, ya dubi tumbina, ya ce ya yarda.

Jama'a, na ga ta kaina. Ita ta wuce tana ɗan sunkuyar da kai, ni in taka birki, in sauka, in rusuna. "Baba, ina kwana? Matata tana gaishe ka." A gaba kuma wani dattijon Bafulatani ya ce, "A waali jam?" in amsa da guntun Fulatancina, 'yan koyo ma sun fi ni iyawa. Masu ciwon gwiwa ba su fasa ba, ni suke nuna wa, in ce su je asibiti da hantsi. In sake hawa in bi ta ina haki kamar ni ne mai gasar. Ranar da ta kama hanyar Sahuda kuwa, sai da ta tsaya a bakin mayo, wato rafi, tana jirana, ita mai ƙafa, ni mai keke.

A bayan nan nata na gane wace ce na aura. Akwai ranar da autarmu ta kwana da zazzaɓi, ba ta fita ba, ba ta kuma yi ƙorafi ba. Washegari ta tashi kamar ba a yi ba. Tana gudu tana lissafin miyar rana a kai. Ban taɓa ganin mutum ya riƙe abu da hannu bibbiyu haka ba.

Sannu a hankali dattawan suka koma nata. In ta makara sai a tambaye ni ko lafiya. Wata safiya na sauka zan rusuna wa kawu, gorar ruwanta na rataye a keke, ya daka mini tsawa, "Kai, hau ka bi ta da ruwan, ka bar yarinya da ƙishi!"

Ta je Legas, ta yi gudunta har ƙarshe. Ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta ma yi kusa ba, amma ta gama, aka rataya mata lamba a wuya. Ta dawo ƙafafu a kumbure, da ƙyar take taka matakalar ƙofa. Na ce ta kwanta ta huta. Da asuba sai na ji tana ɗaura zani. Ta ce, "Baban yara, tashi ka raka ni, yau ba keke."

A ƙafa muka bi hanyar nan, tana ɗingishi. Duk inda na taɓa sauka na gaisar, ta tsaya ta durƙusa da kanta, ta tambayi kwana, ta tambayi gwiwa. Da muka isa wurin kawu ta kai ƙasa ta ce, "Kawu, na zo da gaisuwata." Ta yunƙura za ta tashi, ƙafa ta ƙi. Tsohon nan ya ajiye girmansa ya miƙa mata sandarsa, idonsa ya ciko. Ya ce, "Tashi, 'yata. Gaisuwarki ta iso tun tuni."

Har yau in wani ya ce mini ba shi da lokaci, ba na musu da shi, don na san aiki da yara ba wasa ba ne. Sai dai na ga mace ta tsinci nata lokacin tsakanin asuba da kukan yaro, ba ta kuma zubar da mutuncin kowa a hanya ba. Kawu ya rasu bara. Sandar tana ɗakinmu, matata ta rataye lambar a jikin sandar.