Sunan Aro a Barmu

Abin da na fara gani da na iso ƙofar gidanmu a Barmu shi ne kare, kwance a kan tabarmar Baba. Jan kare ne mai dogon gashi, harshe a waje, yawu na ɗiga daidai inda Baba ke ajiye butarsa. Baba ya rasu tun damina, kuma tun ranar ba wanda ya sake shimfiɗa tabarmar nan. Na tsaya da ƙunshin kayana a ka, na rasa ta inda zan wuce.

Daga Tawa na taho, inda nake zaune wurin gwaggona ina karatun boko a lakwal. Yayata ce ta haifi ɗan fari, namiji, a gidanmu kamar yadda aka saba, kuma ranar ce ranar suna. Mota ta makara, sai da hantsi na sauka.

Mijin Yaya ya fito daga zaure cikin kaki mai guga. Shofer ne, yana tuƙa motar wani Bature mai haƙar rijiyoyi wajen Affala. Baturen ba Bafaranshe ba ne, mutumin ƙasar Gal ne, wadda mushenmu, malamin lakwal, ya taɓa nuna mana a taswira, maƙale a jikin Ingila kamar kaska.

"Amaryata ƴar lakwal, ke nike jira," in ji shi. "Bi ta gefe. Karen maigidana ne, ya fi ki cin nama."

A tsakar gida na iske Inna tana dama kunun kanwa, fuska a ɗaure. Kowa ya san mijin Yaya ya yi wa Baba alkawari yana kwance, cewa in namiji aka samu sunansa za a sa. Na tambaye ta ko an sa.

"An sa. Liman ya raɗa, an yanka rago."

"To mi ya faru, Inna?"

"Tambayi wanda ya biyo ki."

Mijin Yaya ya tsugunna gabana yana murmushi, haƙoransa ja da goro.

"Na cika alkawari ko ban cika ba? Amma wa za ya kira shi da sunan? Inna ba ta faɗin sunan mijinta. Yayarki ba ta faɗin na ubanta, ke ma haka. Ni kuwa surukina ne. Wanga suna na ajiya ne, dole a samu na kira."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ciwo. Amma a wurinmu irin wannan yaro Baba ake ce masa. Abin da muke jira ke nan, mu sake jin ana kiran Baba a gidan, a amsa.

Shi ya riga ya yi nasa zaɓen. A kan hanya ya roƙi maigidansa ya jero masa sunayen mazan ƙasarsu, ya saurara, ya ɗauki na uban Baturen. Idan an gama rijiyoyi Baturen zai koma Yamai, kuma mijin Yaya yana son a tafi da shi.

"Saurara da kyau," ya ce, ya matso.

Ya manna harshe a ganɗa, ya huro iska ta gefen baki kamar muzurun da aka taka wa wutsiya. Sunan ke nan. Yawun goro ya sauka a bayan hannuna, ɗumi-ɗumi. Na goge a zanena, amma har la'asar ina jin wurin.

"Maroƙiya ta kasa. Ke da kika yi lakwal za ki koya mata, ta sanar wa mata in sun taru."

Na san in ta faɗa a gaban taro shi ke nan, da shi za a kira yaron har ya yi furfura.

Na shiga ɗakin Yaya. Ɗakin na warin hayaƙi da ganyen wanka. Tana zaune ta juya wa jaririn baya, tsofaffi biyu na yabon kunyarta. Ta tambaye ni gwaggo, ta tambaye ni karatu. Da suka fita na ce, "Yaya, ki yi magana mana."

"A kan wa?"

Na nuna jaririn.

"Ni ban san shi ba," ta ce, idonta a bango. Ɗan fari ne, ba ta da bakin da za ta ce tana so ko ba ta so. Sai murɗa bakin zanenta take yi, har zaren ya fara fita.

Bayan wanzami ya gama aski aka ce Bature na son ganin yaro. Inna ta ce ita ba ta fita. Ni aka miƙa wa, tunda ni ke jin Faransanci. A lakwal ko mushe ya tambaye ni abin da na sani, ƙasa nake kallo, yau ga ni an turo ni gaban maza.

Yana zaune a kujerar ƙarfe bakin zaure, ja wur, fatar wuyansa na saɓulewa. Ina tsaye ya ciro ƙyalle, ya fyace majina a ciki, ya naɗe da kyau kamar abin arziki, ya mayar aljihu. Sannan ya ɗauki tsokar hanta daga akushin da aka kawo masa ya miƙa wa karen. Karen ya cinye, ya bi yatsunsa da lasa ɗaya bayan ɗaya. Da wannan hannun ya shafa kan yaron, sabon aski, fata laushi kamar cikin ƙwarya. Na ƙara rungume yaron.

Mijin Yaya na gefe a duƙe, yana "wi mushe, wi mushe" tun kafin mutumin ya gama magana. Ya nuna jaririn ya sake furta sunan, da ƙarfi, don maza su ji. Wasu suka dubi ƙasa. Wani dattijo ya tofar da yawu ya gyara rawani.

Baturen kuwa idonsa ya cika da ƙwalla. Ya ce mini babansa ya rasu yana nan daji, bai ga gawarsa ba. Na so a ce mugu ne, da ya fi mini sauƙi. Sai ya tambaye ni ko yaron na da wani suna, irin namu.

Na ce yana da shi.

Ya ce wane?

Na ce ba na iya faɗi, na babana ne.

Ya dubi mazan da ke zaune, ya ce wanne ne babana a ciki? Mijin Yaya ya yi dariya, ya taɓa ni da gwiwa. "Amarya, ya isa, mai da shi ciki."

Na dubi tabarmar, yawun ya yi mata baƙin tabo. Na haɗa ɗan Faransancin da nake da shi.

"Ya rasu shi ma, mushe. Don Allah ka ajiye sunan babanka ga ɗanka, ka ce wa wannan ya bar mana namu. Kuma ka ta da karenka, tabarmarsa ce."