Wasiƙar Baba da Jarida Ta Datse

Yau ina kakkaɓe littafin addu'ar marigayi Baba, sai ga guntuwar jarida ta faɗo.

Katikis ne, wato malamin coci, a ƙauyenmu, wajen Kuyello. Bayan samun 'yancin kai, da aka daina yin ibadar Misa da harshen Latin, ya rubuta wa jaridar coci shafi biyu cewa Paparoma ya yi garaje. Suka buga gaisuwarsa kawai, suka jera shi cikin masu yabo.

Mama ta ce, "Malam, ai ka gode Allah, sunanka ya fito."

Ya ce, "Sunan nawa ne, maganar ba tawa ba ce."

Har ya rasu bai fasa buga ƙarfen kiran Misa ba, amma bai ƙara buɗe jaridar nan ba.

Jama'a, wanne ya fi ciwo, a hana ka magana ko a yi ƙarya da bakinka?