Naro

A bakin maigidana na fara jin kalmar. Yana aiki a wani sito na Tashar Jiragen Ruwa ta Jidda, kuma ba ya rabuwa da ɗan Turancinsa. Duk ranar da mai tasi ya ƙi shiga lungunmu na Sharafiyya sai ya ce, "Kada ki ga laifinsa, hanyar ce naro." Na riƙe ta a haka: wuri mai ƙunci, inda mota ba ta wucewa.

Da ya fara dafe ƙirji in ya hau bene, na matsa masa muka je asibiti. Likitan ya nuna masa hoto yana ta Turanci. Ban tsinci komai ba sai naro, har sau uku.

A hanya na ce, "Malam, mene ne kuma ya yi naro a jikinka?"

Ya yi 'yar dariya. "Ƙuncin zuciya ne kawai. Damuwa ce da kewar gida."

Na yarda, don ni ma na san ƙuncin zuciya, kuma na san maganinsa. Na shiga faranta masa rai. Tuwo da man shanu har yana kwaranya, soyayyen naman rago, shayi da madara mai kauri. Yana ci ina murna, wai ni mai jinya. Ashe hanyoyin jinin zuciyarsa ne suka tsuke, maiƙo kuwa ƙara toshe su yake yi, an ce a yi masa aiki da gaggawa. Ya ɓoye, don tsoron kada kafili, ubangidansa da ya tsaya masa, ya ji ya ƙi sabunta masa iƙama, takardar izinin zama. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wata Juma'a bayan sallah ya faɗi a tsakiyar bene. Zufa ta jiƙa masa riga, leɓɓansa sun yi fari. Na ƙwala wa maƙwabciyata kira, wata haifaffiyar Jidda da ta daɗe tana aiki a kantin magani. Ita ta kira motar asibiti. Motar ta zo, ta tsaya a bakin lungu, ta kasa shigowa. Ina jin kukan jiniyarta, ina riƙe da kansa, tsoro ya hana ni ko addu'a. A kan bargo maza huɗu suka fitar da shi.

Da la'asar likita ya fito. Ya haɗa yatsunsa biyu saura kaɗan su taɓa juna, ya ce, "Naro eskep."

Kalmar nan dai ce, wadda aka ce mini ba komai ba ce. Na zauna a ƙasa ina jiran a ce ya cika.

Maƙwabciyata ta jijjiga ni. "La, a'a, ya ukti, 'yar'uwata, tashi. Halas, shi ke nan, yana da rai. Cewa likita ya yi da ƙyar mijinki ya sha."

Da suka bar ni na shiga, ya buɗe ido, ga robobi a hanci da hannu. Na yi niyyar yi masa faɗa, na tanadi maganganu tun daga bakin ƙofa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Malam, da hannuna fa na riƙa zuba maka man nan."

Bai yi dariya ba wannan karon. Ya juya fuskarsa bango.